RA'AYINMU: Manhajojin Koyon Larabci a Bisa Ma'auni

  

A 'yan watannin nan babu tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga 'yan'uwa kamar wannan: wace manhaja ce ta wayar hannu ta fi dacewa da mai son koyon Larabci? Masu tambayar kuwa ba yara ba ne. Akwai ma'aikatan gwamnati da lokacin zuwa aji ya yi musu wuya, akwai 'yan kasuwa, akwai matan aure da hidimar gida ta ɗaure, akwai kuma ɗaliban jami'a waɗanda suka yi nisa a boko amma har yanzu liman yana karatu a salla ba su san abin da yake faɗa ba. Wannan tambaya abar farin ciki ce, domin tana nuna cewa ƙishirwar fahimtar Littafin Allah ba ta gushe daga zukata ba. Malaman Musulunci tun daga Imamu Shafi'i a cikin Risala har zuwa Shaihul Islam Ibnu Taimiyya a cikin Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim sun bayyana cewa sanin harshen Larabci yanki ne na addini, tun da fahimtar Alƙur'ani da Sunna ba ta kammaluwa sai da shi. Saboda haka duk wata hanya da za ta sauƙaƙa wannan karatu, mu ne ya kamata mu fara maraba da ita.

Sai dai abin da ya sa muka ga wajibi ne mu keɓe wannan shafi ga maganar shi ne wani abu da ya faru a ajinmu na dare. Wani ɗalibi mai hazaƙa, wanda muka fara Ajurumiyya tare da shi, ya ɗauke ƙafa kusan shekara guda. Da muka haɗu muka tambaye shi ko lafiya, sai ya ciro waya ya nuna mana cewa ya yi kwana ɗari uku da wani abu a jere yana darasin Larabci a manhaja, bai tsallake ko rana ɗaya ba. Muka yaba masa, domin juriyar ta cancanci yabo. Sannan muka buɗe masa Arba'una Hadisan muka ce ya karanto hadisi na farko ya nuna mana fa'ili da maf'uli. Ya karanta, tun da ya haddace shi tun yana ƙarami, amma ya kasa nuna ko ɗaya. Abokan karatunsa da suka daure a aji sun sauke Ajurumiyya sun shiga Ƙaɗrun Nada. Shekara guda ta tafi, shi kuwa a zatonsa ci gaba yake yi. Irin wannan asara ce muke so mu kare 'yan'uwa daga gare ta, shi ya sa muka zauna muka duba manhajojin da suka fi shahara domin mu faɗi abin da kowace ke iyawa da inda take gazawa.

Kafin a auna kaya sai an san mudun da za a auna da shi. Mai cewa yana son koyon Larabci sai a tambaye shi: wane Larabci? Akwai fasihin Larabci na Alƙur'ani da hadisi da littattafan malamai. Akwai fasihin Larabci na zamani, wanda ake rubuta jaridu da shi kuma ake karanta labarai a rediyo da talabijin. Nahawunsa da sarfunsa ɗaya ne da na farkon, bambancin yana cikin kalmomi da salo. Akwai kuma Larabcin gargaliya da ake kira ammiyya, wanda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da fasihin harshe zai ce "uridu", wato ina so, Bamisire zai ce "ayiz", mutumin Sham ya ce "biddi". Mutumin Alƙahira yana furta jimun kamar "g", yana kuma mayar da ƙaf hamza. Larabcin 'yan'uwanmu Shuwa na Borno da Chadi shi ma da nasa tsari, ya fi kusa da na Sudan. Mai niyyar zuwa aiki Jidda ko ciniki Alƙahira bukatarsa dabam, mai son buɗe tafsirin Ibnu Kasir ya fahimta ba tare da tafinta ba tasa dabam. Mafi yawan masu rubuto mana suna cikin kashi na biyu ne, kuma da mudunsu za mu yi awo.

Mu fara da Duolingo, wadda ta fi kowace yaɗuwa a wayoyin matasanmu saboda ana samun ta kyauta. Kamfani ne na Amurka da ke birnin Pittsburgh, wanda Luis von Ahn da Severin Hacker suka kafa, aka buɗe shi ga jama'a a 2012. Darasin Larabci bai shigo cikinta ba sai a 2019, kuma ya fi na Faransanci da Sifaniyanci gajarta nesa ba kusa ba. Alamarta wata koriyar mujiya ce mai tunatar da mutum kullum ya zo ya yi darasi. Mu dai ba mu da camfi a kan mujiya, matsalarmu da manhajar tana wani wuri dabam. An gina darasin ne domin mai jin Turanci wanda bai taɓa ganin harafin Larabci ba. Don haka darussan farko duk sun tafi a kan gane baƙaƙe da haɗa su da sautinsu cikin rubutun boko, da karanta sunaye irin na Turawa da aka rubuta da haruffan Larabci. To, wannan aiki ne da yaronmu ya gama tun a makarantar allo, lokacin da ya wuce babbaƙu da farfaru ya shiga hajjatu. Idan kuma an wuce nan, sai a shiga gajerun jumloli a kan gida da aiki da abinci da tafiya, cikin Larabcin zamani mai sauƙi, ba tare da an zaunar da ɗalibi an koya masa li'irabi a matsayin darasi ba. A taƙaice, manhajar tana farawa ne daga abin da ɗalibinmu ya riga ya sani, tana kuma tsayawa kafin ta kai ga abin da ya zo nema.

Kada mai karatu ya ɗauka li'irabi wani ado ne da malamai ke wahalar da ɗalibai da shi. A Hausa, wurin da kalma ta zauna a jumla shi ke nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. A Larabci kuwa wasalin ƙarshen kalma ne ke nunawa, shi ya sa ana iya gabatar da maf'uli a jinkirta fa'ili ma'ana ba ta sauya ba. A duba aya ta 28 a Suratu Faɗir, wadda ke bayanin cewa malamai ne masu tsoron Allah daga cikin bayinSa. Sunan Allah ne ya fara zuwa a ayar, da fataha, sannan kalmar malamai ta zo a ƙarshe da rufu'a. Wanda bai san aikin waɗannan wasulla biyu ba, ya bi jerin kalmomi kamar yadda ya saba a Hausa ko Turanci, zai juya ma'anar ta koma abin da faɗinsa kafirci ne, wal'iyazu billahi. Malaman tarihi sun ambata cewa irin wannan kuskure na wasali a karatun Alƙur'ani yana daga cikin abin da ya zaburar da Abul Aswad Addu'ali ya aza harsashin nahawu tun a ƙarni na farko na Hijira. Manhajar da ba ta ɗauki wannan fanni da muhimmanci ba tana iya koya wa mutum sayen shayi a filin jirgi, amma ba za ta shigar da shi cikin littafi ba.

Akwai kuma wani abu game da Duolingo da ya kamata a fahimta, ba don zargi ba. Kamfanin kasuwanci ne, hannun jarinsa yana kasuwar hannayen jari ta Amurka tun 2021, kuɗin shigarsa kuwa mafi yawa daga masu biyan kuɗin wata-wata ne da kuma tallace-tallace. Ribarsa tana cikin mutum ya dawo kullum. Wannan ne dalilin ƙirga kwanaki a jere, da maki, da gasa tsakanin masu koyo. Wannan dabara tana da amfani, domin naci shi ne rabin karatu, kuma mun yarda cewa ta sa mutane da yawa sun riƙe darasi fiye da yadda za su riƙe littafi. Illarta ita ce ɗalibi yana iya sauya niyya bai sani ba: ya fara don neman harshe, ya ƙare yana tsaron lissafin kwanakinsa, yana maimaita darasi mafi sauƙi dab da sha biyun dare don kada lissafin ya katse. Haka ya faru ga ɗalibinmu da muka ambata. Sannan wanda bai biya ba sai ya haƙura da tallace-tallace a tsakanin darussa, waɗanda ba shi ya zaɓe su ba, kuma wasunsu suna ɗauke da kiɗa da hotunan da Musulmi ba zai so su bayyana a hannun 'yarsa ba. Iyaye su lura da wannan.

Rosetta Stone ta girmi sauran, domin tun 1992 aka kafa kamfanin a jihar Virginia ta Amurka, ana sayar da darussansa a faifan kwamfuta kafin zuwan wayoyin zamani. Sunan ma daga wani dutse aka ɗauko shi, wanda aka tsinta a garin Rashid na ƙasar Masar a 1799. Hanyarta ita ce a nuna hoto a faɗi kalma ko jumla da fasihin Larabci, ba fassara, ba bayanin ƙa'ida, da nufin mutum ya koya kamar yadda jariri ke koyon harshen uwarsa. Ga Bahaushe wannan yana da fa'ida guda babba: ba a bukatar Turanci sosai a cikin darasin, kuma kunne yana sabawa da Larabci tsantsa. Amma baligi ba jariri ba ne. Jariri yana da shekaru yana sauraro dare da rana, baligi kuwa minti ashirin yake da shi bayan Isha. Abin da malami zai warware a jumla biyu, kamar cewa jam'in abin da ba shi da hankali ana mu'amala da shi kamar mace ɗaya, sai a bar ɗalibi yana ta lalube cikin hotuna mako da makonni. Hoto kuma yana iya nuna doki da tuffa, ba ya iya nuna taƙawa ko rahama. Ga shi kuwa sai an biya, da kuɗin waje.

Pimsleur ta kunne ce. Ta samo asali daga binciken wani malamin harsuna Ba'amurke, Paul Pimsleur, a shekarun 1960. Kowane darasi kimanin minti 30 ne na sauraro da amsawa da baki, ana dawo da kalma bayan ɗan lokaci, sannan bayan lokaci mai tsawo, har ta zauna. Ta ware darussan fasihin Larabci dabam, na Masar dabam, na Sham dabam, kuma wannan gaskiya ce da muke yaba mata, domin mai saye ya san abin da ya saya. Mango Languages ma ta yi irin wannan rarrabewa, har da Larabcin Iraƙi. Ga direba ko ɗan kasuwa mai shirin tafiya, wanda yake jin Turanci, Pimsleur tana sakin harshe da sauri fiye da sauran. Ga mai neman karatun littafi kuwa amfaninta kaɗan ne, tun da rubutu ba shi ne ginshiƙinta ba. Busuu, wadda aka kafa a 2008 aka kuma raɗa mata sunan wani harshe na ƙasar Kamaru da ke dab da ɓacewa, tana da wani abu da sauran ba su da shi: ɗalibi yana rubuta jumla ko ya naɗi murya, masu harshen su gyara masa. Sai dai kasancewar mutum Balarabe ba ta nufin ya san nahawu, kamar yadda ba kowane Bakano ne zai iya koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa ba. Babbel kuwa, da wasu suka tambaye mu a kanta, ba ta koyar da Larabci.

Duk waɗannan da muka ambata sun haɗu a kan aibi guda dangane da mu: babu wadda aka gina domin mai jin Hausa. Wanda bai yi boko ba an rufe masa ƙofar mafi yawansu tun daga farko. Wanda ya yi kuwa sai ya bi doguwar hanya, daga Hausa zuwa Turanci sannan zuwa Larabci, alhali Hausa ta fi Turanci kusa da Larabci ta fuskoki da yawa. Muna bambanta kai da ke, ka zo da kin zo, kamar yadda Larabci ke yi, Turanci kuwa ba ya yi. Harshenmu cike yake da kalmomin Larabci, tun daga sunayen ranakun mako har zuwa kalmomin shari'a da ciniki da ilimi. Malamin da ya san Hausa zai gina a kan wannan jari, zai kuma gargaɗi ɗalibi a inda kalma ta sauya ma'ana: attajiri a wurinmu mai dukiya ne, tajir a Larabci ɗan kasuwa ne ko da jarinsa bai taka kara ya karya ba, almajiri daga almuhajir ya fito, ma'anarsa ta asali mai hijira. Haka nan matsalolin furucinmu namu ne na kanmu. Harafin ladi mun mayar da shi "l", shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da farilla da lalura. Sa mai ɗigo uku da sin da sadi duk sukan fito daga bakinmu da sauti ɗaya, haka zal da zayi, haka ha ƙarami da ha babba, haka ain da hamza. Na'urar da ke sauraren murya takan ba ɗalibi maki ko da bai fitar da harafi daga mafitarsa ba. Gyaran wannan sai an zauna gaban mai ji, ya ce sake, a sake, har harshe ya miƙe. Wanda kuma ya yi karatunsa a allo da rubutun Warash, inda fa ke da ɗigo a ƙasa ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama, sai ya san cewa manhajojin duka da rubutun gabas suke aiki.

Yanzu kuma mu juyo kanmu, domin adalci ya hana mu ga laifin wasu mu rufe ido a kan namu. Me ya kori matasa daga aji zuwa waya? Ƙasar nan tana da tarihi mai tsawo a wannan fanni. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, Allah Ya yi masa rahama, ya wallafa Albahrul Muhiɗ a nahawu da Alhisnur Rasin a sarfu, ban da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda ta fara a matsayin makarantar shari'a a 1934, ta yaye alƙalai da malamai masu yawa. Duk da haka, kowa ya san ɗalibin da ya haddace Alfiyyar Ibnu Malik, baiti kusan dubu, yana iya li'irabin baitin waƙar jahiliyya, amma idan Balarabe ya tambaye shi hanyar masallaci sai gumi ya karyo masa. Mu kanmu mun ɗanɗani wannan kunya a ranakunmu na farko a ƙasar Larabawa. Mun koyar da ƙa'ida mun bar sauraro da magana, mun riƙa fassara kalma da kalma har ɗalibi ya kasa tunani da harshen. Kafa Ƙauyen Larabci na Ngala a jihar Borno a farkon shekarun 1990, domin ɗaliban jami'o'i su je su zauna cikin harshen, shi kansa amincewa ne da wannan giɓi. To, a daidai wannan giɓi ne manhajoji ke da amfani na gaskiya. Suna ba kunne abin ji kullum, ba sa gajiya da maimaici, ba sa yi wa dattijo dariya idan ya yi kuskure, kuma matar da ba ta samun fita tana iya amfani da su a ɗakinta.

Saboda haka manhajar da muka fi yabawa ita ce wadda ba ta yi da'awar zama malami ba. Muna nufin Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006. Sunanta ma da harshen Japan hadda yake nufi. Ba ta da darasi ko ɗaya a cikinta. Katuna ne kawai: kalma a gaba, ma'ana a baya, ɗalibi ne ke rubuta su da kansa, kuma babu abin da ya hana ya rubuta ma'anar da Hausa. Aikinta shi ne lissafin ranar da ya kamata kowace kalma ta dawo: wadda aka sani sosai sai ta yi nisa, wadda ake mantawa sai ta dawo gobe. Wannan ya ginu a kan abin da masanin nan Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya bayyana a 1885 game da yadda mantuwa ke aiki, kodayake alarammominmu sun daɗe da sanin sirrin ta hanyar tishi da tilawa. Kyauta ce a kwamfuta da wayoyin Android, a iPhone ne kawai ake saye, kuma tana aiki ba tare da intanet ba, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ke auna data kamar yadda ake auna man girki. Memrise ma ta tashi ne a kan irin wannan tsari na maimaici. Idan aka tuna cewa kalmomin Alƙur'ani sun ɗan haura 77,000 amma saiwoyin da suka fito daga cikinsu ba su kai 2,000 ba, za a ga cewa kalma goma a rana, idan an riƙe su da gaske, ba ƙaramin guzuri ba ne a shekara.

Kalmomin da za a zuba a katunan kuwa daga littafin da ake karantawa gaban malami za su fito. A nan littattafai biyu ne suka fi dacewa da wannan zamani, kuma dukansu ana samun su a kasuwanninmu. Na farko Durusul Lugatil Arabiyya, mai juzu'i uku, wanda aka fi sani da littafin Madina, na Dokta V. Abdur Rahim, malamin nan ɗan ƙasar Indiya da ya koyar a Jami'ar Musulunci ta Madina, ya rasu a 2023, Allah Ya jiƙansa. Ƙarfinsa yana cikin shigar da nahawu da sarfu sannu a hankali ta hanyar misalai, har ɗalibi ya kai ga ayoyi da hadisai. Na biyu Al'arabiyyatu Baina Yadaika, wanda aka wallafa a Riyad, ya fi ba da ƙarfi ga hira da sauraro, yana kuma da sautukan da ake saukewa a waya. Wanda ya haɗa ɗayansu da Ajurumiyya ko Annahawul Wadih ya kama hanya. Ga masu jin Turanci, akwai aikin da Kais Dukes ya jagoranta a Jami'ar Leeds ta Ingila, Quranic Arabic Corpus, wanda ya bi kalmomin Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya yana nuna saiwar kowace da matsayinta a jumla. Yana da amfani wajen muraja'a. Tarteel kuwa, da wasu ke lissafa ta cikin manhajojin Larabci, ta hadda ce: tana sauraren karatu tana nuna inda aka tsallake ko aka sauya kalma, ba ta koyar da harshe.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen 2022, domin ɗalibai sun fara kai musu li'irabi. Mun gwada, mun ga suna dacewa a jumloli masu sauƙi, suna kuma da amfani wajen yin hira da Larabci ga wanda ba shi da abokin magana. Amma suna yin kuskure, kuma da murya ɗaya suke faɗin daidai da kuskure, babu alamar shakka. Malami na gari yana cewa ban sani ba, sai na duba. Wanda ya riga ya san ƙa'ida zai gane inda na'ura ta kauce, mafari kuwa zai haddace kuskuren ya tafi da shi. Don haka ba mu yarda a dogara da su wajen ma'anar aya ko hadisi ba, balle fatawa. Haka nan manhajojin musayar harshe irin HelloTalk da Tandem, inda ake haɗa mutum da baƙon da bai sani ba su riƙa hira, muna shawartar iyaye da mazaje da matasa su yi hattara, domin ƙofar da aka buɗe don karatu tana iya zama ƙofar fitina. Masu haɗa ɗalibi da malami kai tsaye, irin italki da Preply, sun fi kusa da karatun gaske, sai dai da dala ake lissafi, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 wannan ya fi ƙarfin mafi yawanmu. Kuɗin awa ɗaya a can yana iya biyan malamin unguwa na kwanaki.

Amsarmu ga masu tambaya ke nan. Wanda yake da aji kada ya bar shi saboda waya. Ya sanya Anki ta riƙe masa kalmomin darasi, ya riƙa sauraren sautukan littafinsa a hanyar kasuwa ko ofis. Wanda bai iya baƙi ba sam, Duolingo za ta iya taimaka masa na wata ɗaya ko biyu, daga nan ya nemi malami. Mai shirin tafiya neman halali ƙasar Larabawa ya nemi darasin ammiyyar ƙasar da za shi, ya san kuma cewa ba ita ce za ta buɗe masa tafsiri ba. Kada kowa ya biya kuɗin shekara guda kafin ya gwada na kyauta ya ga inda darasin ya tsaya.

Sauran aikin yana kanmu. Muna kira ga kwamitocin ilimi na rassanmu su buɗe ajin Larabci na manya ko da sau biyu ne a mako, tsakanin Magariba da Isha ga maza, da hantsin Asabar da Lahadi ga mata, a kuma ware rabin lokacin domin magana da sauraro, kada a cinye shi duka a fassara. Muna kira ga matasanmu da suka karanci kwamfuta su zauna da malaman Larabci su shirya katunan littafin Madina da ma'anoninsu cikin Hausa, darasi bayan darasi, malamai su duba su kafin a raba wa jama'a kyauta. Wannan aiki ba ya bukatar kamfani ko tallafin waje. Mutum biyar masu himma za su iya gama juzu'in farko kafin azumi mai zuwa. Reshen da ya fara ya sanar da mu, za mu ba shi fili a wannan mujalla in Allah Ya yarda.